Kwalin layun Baba da wutar Narita

Sana'ata kayan mota ce. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina shigo da injuna da giyabos da rabin mota daga Japan zuwa Kano, kuma duk wanda ke wannan harka ya san ƙafarsa ba ta cika wuce jihar Chiba ba, gabas da Tokyo, inda yadin yanka motoci suka fi yawa. Motocinsu sitiyarin dama ne, ba a yarda su hau titinmu ba, don haka sai a datse su gida biyu mu loda gaban a kwantena. Na je ƙasar ya fi sau bakwai, amma in ka ɗauke filin jirgi da yadi da ɗakin kwanana da shagon wani Bafakistane da nake cin shinkafa, ban san komai nata ba. Ɗan kasuwa ko Makka ya je sai ya tambayi kuɗin dabino.

A yadin da nake saye akwai wani dattijo, ya ba saba'in baya, shi ke fara shiga mota kafin a sa mata injin yanka. Ya cire batir, ya tsiyaye mai, ya kwashe tarkacen da masu ita suka bari. Ina ce masa Baba, har ya saba yana amsawa. Shi kuma yana ce mini Shacho, wato maigida a bakinsu, ko da yake ban taɓa biyansa ko sisi ba. Ya yi aikin jirgin ruwa da ƙuruciyarsa, shi ya sa yake da ɗan Turancin da muke lallaɓawa da shi.

Na daɗe da lura da wani halinsa. Tsofaffin kaset da lema da takalman yara da duk abin da ya tarar a mota, kwandon shara yake jefa su ba ko waiwaye. Amma in ya ga ƴar jakar nan ta zane da suke ratayawa a madubin gaba, ko wani ɗan allon katako mai rubutu da ake sa wa cikin aljihun dashbod, sai ya tuɓe safar hannunsa, ya kwance abin a hankali, ya kai wani kwalin taliya da ke kan kanta. Mu ma mun san abubuwan nan. Sukan biyo kaya har Kofar Ruwa, yaran shago su ce ga layar Japanawa, su yi dariya su wurgar.

Wata Asabar cikin watan Nuwamba kwantenata ta maƙale, ba za a loda ba sai Litinin. Ina zaune ina ƙunci sai Baba ya sauko da kwalin, ya cika har ba ya rufuwa.

"Shacho, gobe zan mai da su gida. Za ka raka ni?"

Na ce gida ina? Ya ce Narita. Na ɗauka filin jirgi yake nufi, don ni a sanina Narita sunan filin jirgi ne, ban taɓa kawowa gari ba ne mai mutane da tarihi.

Da sassafe muka hau ƴar ƙaramar akori-kurarsa. Muka ajiye ta kusa da tashar jirgin ƙasa, muka gangara wani siririn layi da ake kira Omotesando, mai tsawon kusan mita 800, shaguna dama da hagu. Abin da ya fi ɗaukar ido shi ne masu gyaran wani dogon kifi mai kama da gaiwa: mutum na zaune a bakin titi, ya kafe kan kifin da ƙusa a jikin katako, ya tsarge shi da wuƙa sau ɗaya tun yana motsi. Ƙamshin gashin ya cika layin. Na so ci, sai Baba da kansa ya hana ni, ya ce romon da ake shafa masa akwai giyar shinkafa a ciki. Gasasshen biskit ɗin shinkafa na saya na riƙe cikina.

A ƙarshen gangaren wurin da muka nufa yake, Naritasan Shinshoji, wurin ibadar mabiya addinin Buddha. A ƙofa ta biyu akwai wata jar fitila da ƴan kasuwar kifi na Tokyo suka bayar, nauyinta ya kai kilo 800, kana bi ta ƙarƙashinta kana ɗaga kai. Ka wuce wani tafki mai kunkuru, ka hau matakalar dutse mai tsayi, sai ga fili, ga hasumiya mai hawa uku da aka gina a 1712, ga babban ɗakin da aka gina a 1968. A tsakar filin akwai ƙaton kaskon turare, mutane na ɗibar hayaƙin da tafin hannu suna shafawa a ka, ko a gwiwa, ko duk inda ke ciwo.

A nan na yi turus. Baba ya ce saura kaɗan a fara goma, mu shiga. Na ce goman me? Ya yi dariya, ya ce ba lissafi ba ne, sunan ibadar wutar ke nan. Da na ji an ambaci wuta sai zuciyata ta tafi wurin Majusawa da muka ji labarinsu a makarantar zaure. Na ce masa, Baba, ni Musulmi ne, ba na sunkuya wa kowa sai Allah. Ya ce ba wanda zai ce ka sunkuya, ba wanda zai tambaye ka addininka, ka zauna a gefe ka kalla kawai. Na yi ta jujjuya maganar a raina. A ƙarshe na tuɓe takalmi, na zuba su a ledar da suke bayarwa, na bi shi. Wani malami na iya cewa ban kyauta ba, kuma ba zan yi masa gardama ba. Na dai shiga, kuma ga abin da na gani.

Ɗakin faɗi gare shi, da ɗan duhu, ƙasa shimfiɗe. Mutane sun kai ɗari uku, tsofaffi da masu goyo da wasu samari cikin kwat. An hana ɗaukar hoto. Baba ya san wurin, ya ja ni gefen dama inda ake hango hannun limamin. Can gaba akwai wani dandamali mai kusurwa huɗu, an kewaye shi da igiya a kan sanduna huɗu, a tsakiyarsa murhun ƙarfe kamar babbar tukunya. An jera ƙananan kwanukan tagulla gefe da gefe, da ludaya masu dogon mariƙi.

Sai ga su sun shigo a jere cikin riguna masu launi, kore da shuɗi da ruwan goro, babbansu a tsakiya. Aka yi tsit. Ban ankara ba aka doka wata ƙatuwar ganga da ke bayanmu, wallahi sai da na zabura, ledar takalmina ta faɗi. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta toshe baki tana dariya. Ban taɓa jin tambarin sarki da ya kai ta ba, a ƙirji kake jin ta kafin kunne.

Limamin ya zauna gaban murhun. Hannuwansa ba su huta ba: ya harɗe yatsu haka, ya warware, ya sake harɗe su wata siga, wani lokaci a ɓoye cikin hannun riga. Ya tsoma wani siririn sanda a ruwa ya yayyafa wa murhun. Sannan ya fara jera itace, ƙirare ne fefaffu masu tsawo ɗaya, biyu a tsaye biyu a gicciye, hawa kan hawa kamar mai ginin bakin rijiya. Aka miƙo wuta ya cinna. Da farko hayaƙi ne kawai. Ya ɗebi mai da ludayi ya zuba, wutar ta yi tsalle. Ya ƙara. Ya watsa ƙwayar hatsi, ya jefa ɗanyen ganye, ya barbaɗa garin turare, kowanne da nasa karatun. Kafin ka ce kwabo harshen wutar ya kere tsayin mutum a tsaye, a cikin ɗaki, kuma shi yana zaune taku ɗaya daga gare ta ko gezau bai yi ba. Ni da nake nesa ina jin zafin a goshina.

Duk wannan lokaci sauran limaman na karatu da murya ɗaya, ganga na bin su, tana ƙara sauri. Jama'a suka kama wata jimla suna maimaitawa. Baba ya runtse ido yana yi, na tsinci farkonta: nomaku sanmanda bazaradan. Na tambaye shi daga baya me take nufi da Japananci, ya ce ai ba Japananci ba ne, tsohon harshen Indiya ne da bakinsu ya lanƙwasa, kirari ne ga wanda ake wa ibadar.

Wanda ake wa ibadar kuwa yana can bayan wutar, cikin duhu. Fudo Myoo suke ce masa, wato wanda ba ya gusawa. Ni da na saba ganin hoton Buddha mai lumshe ido da murmushi, wannan dabam ne: baƙi, fuska a murtuke, haƙora a waje, takobi a dama, igiya a hagu, harsunan wuta a bayansa. A fahimtarsu takobin na yanke ruɗu ne, igiyar kuma ta ɗaure mai taurin kai ce a jawo shi hanya ko yana so ko ba ya so.

Da wutar ta kai ƙarshen ƙarfinta sai ƙananan limamai suka fara ɗauko wasu dogayen allunan katako masu sunayen mutane, suna gilma su ta cikin hayaƙin. Daga nan jama'a suka taso. Mata na miƙa jakunkuna, maza na miƙa walat, limami ya karɓa ya kaɗa sama da wutar ya mayar. Baba ya miƙo hannu ga jakata, wadda fasfo ɗina da takardun kwantena ke ciki.

"Kawo, Shacho. Kayanka za su isa lafiya."

Na ƙanƙame ta. Na ce masa, Baba, ka yi haƙuri, wannan kam ba zan iya ba. Ya dube ni na ɗan lokaci, ya gyaɗa kai, ya tashi ya kai makullin akori-kurarsa. Bai sake tayar da zancen ba har muka rabu. Abin duka bai fi rabin awa ba.

A waje muka haɗu da wata dattijuwa cikin masu aikin sa kai da ke zagayawa da baƙi, tsohuwar malamar makaranta ce, Turancinta ya fi na Baba nesa. Ita na yi wa tambayar da ke cina: Mama, wutar kuke bauta wa? Ta girgiza kai da ƙarfi. Ta ce wutar baki ce. Ana koya wa limami ya ƙudurta a ransa cewa bakin murhu da bakin Fudo da bakinsa shi kansa abu ɗaya ne. Itacen da yake jerawa kuwa cututtukan zuciya ne, kwaɗayi da fushi da jahilci da ƴaƴansu, waɗanda suke ƙirgawa 108, shi ya sa a cikin ƙiraren akwai ɗauri mai sanda 108. Wutar ita ce hikimar da ke cinye su. Ta ce goma iri biyu ce, ta waje da ta ciki. Ta waje ita muka gani. Ta ciki a zuciyar limami take ci, kuma malamansu na cewa in babu ta cikin, ta wajen ƙona itace ce kawai. Harɗe yatsun da na gani, da karatun, da abin da yake surantawa a zuci, su ne sirrai uku na ɗariƙarsu: jiki da harshe da zuciya su yi aiki lokaci guda. Almajiri ba ya taɓa murhun nan sai ya kai matakin ƙarshe cikin matakai huɗu na horonsu, wanda kan ci kwana ɗari ko kusa da haka.

Ɗariƙar sunanta Shingon. Wani malami mai suna Kukai, wanda ya rayu daga 774 zuwa 835, shi ya tafi ƙasar Sin a 804, ya yi karatu a birnin Chang'an wurin wani shehi mai suna Huiguo, ya dawo da ita a 806. Sinawan ma daga Indiya suka karɓo. Kalmar goma kanta daga homa ta fito, hadayar wutar da malaman Hindu ke yi tun kafin a haifi Buddha, inda suke ɗaukar wuta a matsayin ɗan aike mai kai abinci ga allolinsu. Har yau, in ji dattijuwar, matakin farko na ibadar shi ne a gayyato wannan ubangijin wuta na Indiyawa, Agni, wanda su suke kira Katen, a ba shi nasa rabon kafin a wuce ga Fudo.

Abin da ya ba ni mamaki na same shi ne da na dawo ɗaki na shiga bincike. Ashe Buddha da kansa bai ɗauki hadayar wuta da daraja ba. Littattafansu na farko sun kawo labarin wasu ƴan'uwa uku, ƴan gidan Kassapa, masu hidimar wuta da almajirai dubu, waɗanda suka watsar da kayan wutarsu a kogi suka bi shi. Huɗubar da ya yi musu kusa da garin Gaya cewa ya yi komai na ci da wuta, ido na ci, kunne na ci, da wutar kwaɗayi da ta ƙiyayya da ta ruɗu, kuma aikin mai hankali ya kashe ta. Sai bayan ɗaruruwan shekaru, da tafarkin da ake kira tantra ya bunƙasa a Indiya, aka dawo da murhun da aka fitar ta ƙofa, ta taga, aka sauya masa fassara. Mutanen Tibet ma sun gada, suna kiran tasu jinsek, sukan yi ta a fili da narkakken man shanu.

Kuma ba duka ce ta wanke zuciya ba. Siffar murhu na bin buƙata: mai da'ira na kwantar da cuta da masifa, mai kusurwa huɗu na ƙara arziki da tsawon rai, akwai na jawo soyayya da farin jini, akwai kuma mai kusurwa uku na karya abokin gaba. Shi kansa wurin nan a kan yaƙi aka kafa shi. A 939 wani jarumi mai suna Taira no Masakado ya yi tawaye a wannan yanki har ya naɗa kansa sabon sarki. Fadar sarkin Japan da ke Kyoto ta turo dakaru, ta kuma turo wani limami mai suna Kancho ɗauke da gunkin Fudo da suke cewa Kukai ne ya sassaƙa. Ya kunna goma kwana 21. A 940 aka kashe Masakado a fagen daga. Sunan Shinshoji ma'anarsa wurin ibadar sabuwar nasara, kuma sun ce tun daga ranar ba a yi fashin wutar ba ko na yini ɗaya, yanzu ma sau da dama ake kunna ta kullum. Da na ji wannan sai na yi murmushi. Sarki ya tura mayaƙa gaba, ya ajiye masu addu'a a baya: wannan ba sai an fassara wa Bahaushe ba.

Kusa da ƙofa akwai tebur da tarin ƴan sanduna, ka biya ƴan ɗaruruwan yen ka rubuta buƙatarka, a jefa a wutar gaba. Na sa Baba ya karanta mini waɗanda ke sama. Lafiyar iyali. Bunƙasar kasuwa. Cin jarrabawa. Bunƙasar kasuwa kuma. Na juya ga dattijuwar na ce, Mama, ga inda ban gane ba. Kin ce wutar nan kwaɗayi take ƙonawa, ga shi kuma kowa kwaɗayinsa ya rubuto yana so a biya masa. Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce tambayar ta tsufa. Amsarsu ita ce ba a samun wuta sai da itace. Ba su ce mutum ya zo ba shi da buri ba, ai da burin nasa zai zo, shi ne makamashin. Wanda ya zo neman kasuwa yau, wata rana zai nemi abin da ya fi kasuwa. Na ce to, Allah ya sa. A raina kuwa na ce wayo ne mai kyau, amma wurin da mutum kusan miliyan uku ke cika shi a kwana ukun farko na sabuwar shekara, ban ga alamar itacen na ƙarewa ba. Baba da ke saurare ya tsoma baki:

"Shacho, kai ba ka roƙon Ubangijinka kasuwa?"

Na ce ina roƙo, har a sujada. Ya ce to.

Sai bayan wannan duka muka kai kwalin. Akwai wata rumfa da aka ware don tsofaffin layu, domin a al'adarsu laya shekara ɗaya take aiki, sai a mayar da ita a karɓo sabuwa, kuma a ranar 28 ga Disamba ake haɗa tsofaffin alluna a ƙone su a wata babbar wuta a fili. Naritasan ta yi suna wajen layar tsare hanya, har wurin yi wa motoci addu'a gare su, shi ya sa sunanta ke maƙale a gilasan baya na motocin da muke yankawa. Baba ya zaro ɗan allon katako guda daga kwalin, ya tsage gida biyu. Ya ce irin wannan suna kiransa mai maye gurbi. Suna ba da labarin wani kafinta da ya faɗo daga saman ƙofar nan mai jar fitila lokacin gininta a 1831, ya tashi ba ko ƙwarzane, sai allon da ke jikinsa ne ya tsage. Wannan da ke hannunsa kuwa daga wata farar Toyota ya ciro shi, wadda aka kawo yadi gabanta a murƙushe har sitiyari ya taɓa kujera. Ni ma na tuna motar, don na taya injinta aka ce ya fashe.

Na ce mai motar ya tsira? Ya ce bai sani ba, motoci ba sa zuwa da labari. Abin da ya sani, wani ne ya hau matakalar nan, ko matarsa ko uwarsa, ya biya kuɗi ya roƙa a dawo da shi gida lafiya. Ba zai iya haɗa wannan da tsumman baƙin mai a kwando ɗaya ba. Ya juye kwalin a hankali, ya haɗa tafukansa, ya ninke kwalin ya saƙale a hamata don zai sake amfani da shi.

Da muka koma wurin mota azahar ta yi. Na duba alƙibla a waya, na yi alwala da ruwan gora. Ban ce masa komai ba, sai ga shi ya zaro wata shuɗiyar tamfol daga bayan akori-kura, ya kakkaɓe, ya shimfiɗa mini tsakanin motarsa da katanga. Ya koma bakin hanya ya juya baya, ya tsaya yana karkatar da masu wucewa har na sallame.

Kwantenar ta iso Kano bayan wata uku da ƴan kwanaki. Muna sauke rabin wata Nissan sai ƙaramin yarona na shago ya zura hannu ƙarƙashin dashbod ya zaro ƴar jar jaka mai zaren zinariya, ta sha ƙura, ta kuɓuce wa idon Baba. Ya ɗaga ta sama.

"Alhaji, ga layar Japanawa, in jefar?"

Na ce kawo nan. Na samo ambulan na sa ta, na rubuta Chiba a baya, na jefa cikin durowar da nake ajiye fasfo. Yaron ya tsaya yana kallona, na ce masa ya je ya kama wa su Malam giyabos ɗin can kafin rana ta yi.